Alexander Calder, mutumin da ya sa ƙarfe bin iska: tambayoyi da amsoshi

Kafin Alexander Calder, abin da aka sani game da sassaƙa shi ne a ɗauki dutse ko tagulla a yi masa siffa, a kafe shi wuri guda, ya tsaya cak har abada. Shi kuwa sai ya rataye ƙarfe a sama ya bar iska ta riƙa juya shi. Ga tambayoyin da mai son sanin wannan mutum zai iya yi, da amsoshinsu.

Wane ne shi, kuma yaushe ya rayu?

Ba'amurke ne, mai sassaƙa kuma mai zane. An haife shi a 1898 a Lawnton, cikin jihar Pennsylvania, ya rasu ranar 11 ga Nuwamba 1976 a birnin New York yana da shekara 78. 'Yan gidansu da abokansa Sandy suke ce masa. Rayuwarsa ta rabu tsakanin Amurka da Faransa, kuma ƙasashen biyu kowace tana kallonsa a matsayin nata.

Gado ya yi ko haye?

Ɗan gado ne gaba da baya. Kakansa, Alexander Milne Calder, daga Sikotland ya yi ƙaura zuwa Philadelphia, kuma shi ya ƙera mutum-mutumin William Penn mai tsayin mita 11 da ke tsaye a ƙololuwar ginin majalisar birnin har yau. Mahaifinsa, Alexander Stirling Calder, shi ma sanannen mai sassaƙa ne. Mahaifiyarsa, Nanette Lederer, mai zanen hotunan mutane ce.

Yana yaro tarin fuka ya kama mahaifinsa, iyalin suka koma Arizona neman busasshiyar iska, daga can suka wuce Pasadena a California. Duk gidan da suka sauka, iyayen sukan ware masa wani lungu ya zama maƙerarsa. Yana tsintar guntayen wayar tagulla a titi yana yi wa 'yan tsanar yayarsa Peggy sarƙa da 'yan kunne. A 1909, yana ɗan shekara 11, ya yanka fallen ƙarfe ya lanƙwasa ya yi wa iyayensa kyautar kare da agwagwa. Agwagwar nan in an taɓa ta sai ta riƙa lilo gaba da baya. Masu nazarin aikinsa suna yawan komawa kanta, don motsin da ya shahara da shi daga baya yana cikinta tun lokacin.

To me ya kai shi karatun injiniya?

Iyayensa sun san wahalar cin abinci da fasaha, ba su matsa masa ya bi sawunsu ba. Ya shiga Stevens Institute of Technology da ke Hoboken a jihar New Jersey, ya fito da digirin injiniyan injuna a 1919. Daga nan ya yi ta sauya aiki: zanen taswirar injuna a kamfanin lantarki, aikin ruwa, rubuta lokutan ma'aikata a sansanin masu saran katako a jihar Washington. Babu wanda ya riƙe shi.

A 1922 ya yi aikin hura wuta a ɗakin injin wani jirgin ruwa mai suna H. F. Alexander, wanda ya tashi daga New York zuwa San Francisco. Wata asuba, daura da gaɓar Guatemala, ya farka a saman jirgin ya ga jar rana tana fitowa ta wannan gefe, ga kuma cikakken wata fari fat ta ɗaya gefen. Shi da kansa ya ba da wannan labari a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1966, kuma ya sha faɗin cewa tsarin sararin samaniya, yadda duniyoyi ke shawagi ba tare da sun dogara da komai ba, shi ne tushen aikinsa.

Yaushe ya dawo kan fasaha?

A 1923, lokacin da ya shiga makarantar Art Students League a New York, inda ya koyi zane a hannun malamai irin su John Sloan da George Luks. Don ya samu na abinci sai ya riƙa yi wa jaridar National Police Gazette zane. A 1925 jaridar ta tura shi ya zana wasan kamfanin Ringling Brothers and Barnum & Bailey, masu yawo gari-gari da ƙaton tanti, da giwaye da zakuna da masu tafiya a kan igiya. Mako biyu ya yi yana zuwa. A 1926 ya haye teku zuwa Faris.

Mene ne Cirque Calder da ake yawan ambata?

Shi ne aikin da ya fara fito da sunansa, kuma wanda ya fi kowane bayyana halinsa. Tsakanin 1926 da 1931 ya ƙera cikakken wasan tanti ƙarami, da waya da ƙyalle da katako da toshiyar kwalba da zare da roba. Akwai mai horar da zaki, da zakin kansa, da dawaki masu zagaye fili, da mai haɗiye takobi, da mai ɗaga nauyi, da masu lilo a sama waɗanda ɗaya ke sakin igiya ya faɗa hannun ɗaya. Wanda ya ga yara suna haɗa mota da waya da murfin kwalba, da sitiyarinta mai juya tayoyi da gaske, ya san irin basirar da ake magana a kai. Bambancin shi ne mai yin wannan injiniya ne babba, ya kuma shafe shekaru yana gyara kowane ɗan wasa har sai motsinsa ya yi daidai da na mai rai.

Ba ajiye shi yake yi a kalla ba. Yakan durƙusa a ƙasa, ƙaton mutum mai kauri, ya busa usur, ya sanar da kowane wasa da muryarsa, ya ja zare ya murɗa hannu, ana sa faifan garmaho a gefe. Wani lokaci mai lilon ya kama, wani lokaci ya suɓuce ya faɗa raga, kuma shi kansa Calder bai san wanne zai faru ba. 'Yan kallo suna zaune a kan akwatuna. Cikin waɗanda suka zo kallo a Faris akwai manyan masu fasahar zamanin: Joan Miró, Fernand Léger, Jean Cocteau, Piet Mondrian. Kayan sun yi ta ƙaruwa har suka cika akwatuna 5, yana haye teku da su tsakanin Faris da New York.

A waɗannan shekarun ne kuma ya riƙa yin hotunan mutane da waya zalla. Da filaya a aljihu da naɗin waya a kafaɗa yake yawo. Zai dubi mutum ya lanƙwasa waya ta fitar da hanci da ido da haɓa, tsakiyar kuma babu komai sai iska. Ya yi na 'yar rawa Josephine Baker fiye da sau ɗaya, ya rataye su yadda jikin zai riƙa girgiza.

Me ya faru a ɗakin aikin Mondrian da ake cewa ya sauya shi?

A watan Oktoba 1930 ya ziyarci Piet Mondrian, mai zane ɗan ƙasar Holan da ke zaune a Faris. Mondrian ba ya zana mutum ko itace ko gida, sai layuka da murabba'ai masu launi. Abin da ya ɗauki hankalin Calder shi ne bangon ɗakin: fari tas, an manna masa kwalaye masu kusurwa huɗu, ja da shuɗi da rawaya, haske yana shigowa ta tagogi. Sai ya ce wa mai ɗakin da zai yi kyau a ce waɗannan kwalaye suna motsi. Mondrian ya ƙi, ya ce zanensa ya riga ya yi sauri yadda yake.

Calder ya koma gida ya yi 'yan makonni yana zane da fenti irin wanda babu siffar komai a ciki, sai ya ga hannunsa ya fi sabawa da waya da ƙarfe. Ya koma musu, amma ya bar kwaikwayon siffar mutane da dabbobi, ya kama da'ira da ƙwallo da layi. A 1931 ya shiga ƙungiyar Abstraction-Création ta masu irin wannan ra'ayi.

Wa ya raɗa wa ayyukansa suna?

Abokansa biyu masu fasaha. Marcel Duchamp ya ga masu motsin a 1931 ya kira su mobile. Jean Arp kuma a 1932 ya kira waɗanda ke tsaye ba motsi stabile. Sunayen biyu sun zauna har yau. Na farko-farkon da ƙaramin inji ko hannun murɗawa suke tafiya, amma bai daɗe ba ya gane cewa inji abu ɗaya yake maimaitawa kullum. Sai ya bar wa iska aikin.

Yaya ake haɗa irin wannan abu har ya tsaya bai karkace ba?

Nan ne gwanintar take. Yana yanka fallen ƙarfe marar nauyi, galibi alminiyom, da almakashin ƙarfe, ya fitar da siffofi masu kama da ganye ko ɓawon kifi ko da'ira. Kowane falle ya maƙala shi a bakin waya. Sannan ya fara daga ƙananan da ke can ƙarshe: ya ɗauki waya mai falle a bakinta, ya nemo da yatsa daidai wurin da in an rataye ta ba za ta rinjaya ko'ina ba, ya lanƙwasa ɗan zobe a wurin. Wannan reshe gaba ɗayansa ya zama nauyi guda, ya rataye shi a bakin wata wayar da ta fi ta tsawo, ya sa wani falle a ɗaya bakin, ya sake neman wurin daidaito. Haka zai yi ta hawa har ya kai ƙugiyar da za ta kama rufi.

Ƙa'idar ba ɓoyayya ba ce: ƙaramin nauyi da ke nesa da wurin ratayewa yana iya riƙe babban nauyi da ke kusa. Amma sanin ƙa'ida daban, sa abu mai rassa ashirin ya yi kyau ta kowace fuska da ya juyo daban. Yadda aka lanƙwasa zoben shi ke yanke ko reshe zai zagaya gaba ɗaya ko zai je rabi ya dawo. Girman falle shi ke yanke yawan iskar da zai kama. In mutum ya wuce ta ƙasa, ko aka buɗe ƙofa, ƙananan su fara rawa, motsin ya bi rassa a hankali har ya kai ga manyan. Ba ka ganin siffa ɗaya sau biyu. Da hannu da ido yake gwada duk wannan, ba da lissafi a takarda ba, kuma a ƙananan ayyukansa ya fi son lanƙwasa da ƙusar dannawa a kan walda.

Launukansa kaɗan ne: baƙi, fari, ja, sai rawaya da shuɗi. Ja ya fi so nesa ba kusa ba, har akwai wani ja mai haske da ake kira da sunansa.

Mutum-mutumi yake yi kenan?

A farkon aikinsa, e: mutane da dabbobi na waya da katako. Bayan 1930 mafi yawan abin da ya yi ba hoton wani mai rai ba ne, siffofi ne kawai da launi da motsi. Sau da yawa sai ya gama aiki sannan ya sa masa suna, gwargwadon abin da ya tuna masa. Shi ya sa za ka ji sunan tsuntsu ko kifi ko gizo-gizo a kan abin da ba shi da ido ko baki.

An ce mai zane ne kuma. Ina zanen?

Shahararsa a ƙarfe ta rufe wannan ɓangare, amma bai taɓa ajiye buroshi ba. Da fentin mai ya fara a New York, yana zana tituna da filayen wasa. A 1926 ya fitar da ɗan littafi kan yadda ake zana dabbobi, a 1931 kuma ya yi wa tatsuniyoyin Aesop zane. A shekarunsa na baya ya yi dubban zane-zane da fentin ruwa mai kauri a kan takarda: rana, wata, da'irori, layuka masu naɗewa, da launukan nan nasa. A Faransa har ɗaki na musamman ya ware don wannan aiki.

Fentinsa ya hau abubuwan da ba a saba ba. A 1973 kamfanin jiragen sama na Braniff ya ba shi jirgi ƙirar DC-8 ya yi masa ado tun daga hanci har wutsiya. A 1975 ya yi wa motar tsere ta BMW fenti, ta shiga gasar Le Mans, kuma ita ce ta farko a jerin motocin da kamfanin ke ba masu fasaha. Ban da wannan ya ƙera kayan ado na mata fiye da 1,800, da tagulla da azurfa, yana bugu da guduma yana naɗewa. Yawancinsu kyauta ya yi wa matarsa da 'yan uwa da abokai. Cokula da sauran tarkacen kicin na gidansa ma da yawa shi ya ƙera su.

Ya yi iyali?

Ya haɗu da Louisa James a jirgin ruwa a 1929, suka yi aure a Janairun 1931. Jikar ɗan'uwan marubuci Henry James ce. Sun haifi 'ya'ya mata biyu, Sandra da Mary. A 1933 suka sayi tsohon gidan gona a Roxbury, jihar Connecticut, a 1953 kuma suka samu gida a ƙauyen Saché kusa da Tours a Faransa.

Ya taɓa sa baki a siyasa?

Ya sa, kuma ba a ɓoye ba. A 1937, ana tsakiyar yaƙin basasar Sifaniya, gwamnatin jamhuriya ta gina rumfarta a baje kolin duniya na Faris. A nan aka fara nuna Guernica na Picasso. A gaban wannan zane aka ajiye aikin Calder, maɓuɓɓuga wadda zaiba ke gudana a cikinta maimakon ruwa. Zaibar daga ma'adinan Almadén aka kawo ta, garin da sojojin Janar Franco, jagoran masu tawaye, ke neman ƙwacewa. Calder ne kaɗai ba ɗan Sifaniya ba cikin masu fasahar da aka nuna aikinsu a rumfar. Yau maɓuɓɓugar tana gidauniyar Joan Miró a Barcelona, a bayan gilashi, saboda tururin zaiba guba ne.

Daga baya shi da Louisa sun yi adawa da yaƙin Biyetnam. A farkon Janairun 1966 sun sayi cikakken shafi a jaridar New York Times suka buga saƙon neman zaman lafiya. Bayan rasuwarsa shugaba Gerald Ford ya ba shi lambar yabo mafi girma ta farar hula a Amurka, a Janairun 1977, amma iyalinsa suka ƙi halartar bikin, don neman a yi afuwa ga matasan da suka ƙi zuwa yaƙin.

Yaushe duniya ta yarda da shi?

Da wuri. A 1943 gidan adana fasahar zamani na New York, wato MoMA, ya shirya baje kolin ayyukansa tun daga farko, yana ɗan shekara 45. Lokacin yaƙin duniya ne, ƙarfe ya yi wuya, sai ya koma sassaƙa ƙananan katako yana haɗa su da waya. A 1946 ya yi baje koli a Faris wanda masanin falsafa Jean-Paul Sartre ya rubuta wa gabatarwa. A 1952 ya ci babbar kyautar sassaƙa a baje kolin Venice.

Manya-manyan ayyukansa na tsakiyar birane fa, shi kaɗai yake ƙera su?

A'a, ba zai yiwu ba. Yakan yi ƙaramin samfuri da alminiyom da hannunsa, ya kai wa maƙera. Biyu ya fi aiki da su: Segre a Waterbury, Connecticut, da Biémont a Tours. Su za su faɗaɗa shi da faranta na ƙarfe masu kauri, shi kuma ya zo ya duba, ya zana da alli inda za a ƙara haƙarƙari don ƙarfi. Ana kai aikin gunduwa-gunduwa a ɗaure shi da noti a wurin da zai zauna. Bai ɓoye notin da layin walda ba, ya bar su a fili sun zama cikin kyan abin.

Teodelapio, wanda ya yi wa garin Spoleto na Italiya a 1962, tsayinsa ya kai kimanin mita 18, motoci suna bi ta ƙarƙashinsa. Ya yi wa Montreal Trois disques a 1967, ya yi wa gasar Olamfik ta Meziko El Sol Rojo a 1968. A Chicago akwai Flamingo na 1974, mita 16, ja wur, yana lanƙwashe a tsakanin baƙaƙen gine-ginen gwamnati masu miƙaƙƙun layuka da Mies van der Rohe ya tsara. Ranar buɗe shi an yi jerin gwano da giwaye da dawaki, Calder yana bisa keken doki.

Wanda ya fi burge ni ba a titi yake ba. A babban ɗakin taro na Jami'ar Tsakiya ta Benezuwela a Karakas, mai tsara gini Carlos Raúl Villanueva ya gayyace shi a farkon shekarun 1950. Ɗakin yana da matsalar amsa-kuwwa. Calder ya yi aiki da injiniyoyin sauti, aka rataye manyan faranta masu launi a rufi da bango, waɗanda ake kira gizagizai. Su ne adon ɗakin, su ne kuma ke gyara sautinsa. Injiniyan da mai zanen sun haɗu a aiki ɗaya, babu wanda ya danne wani.

Mutanen gari sun karɓi irin waɗannan ayyuka?

Ba nan take ba. Grand Rapids a jihar Michigan misali ne mai kyau. A 1969 aka kafa La Grande Vitesse a gaban ginin majalisar birnin, aiki na farko da asusun fasaha na gwamnatin tarayya ya tallafa wa a shirinsa na sa fasaha a wuraren jama'a. An yi ta gardama a jaridu, wasu suna cewa ɓarnar kuɗi ce a kan tulin ƙarfe. Yau hoton wannan aiki shi ne tambarin birnin, yana kan alamun tituna har da motocin kwasar shara, kuma an shafe shekaru da dama ana yin bikin fasaha na shekara-shekara a filin.

Wasu suna cewa kayan wasan yara ne kawai. Akwai gaskiya a ciki?

An faɗi haka tun yana raye, kuma ina ganin kuskure ne. Abin da ke jawo zargin shi ne aikinsa yana faranta rai, mutane kuma sun saba ɗauka cewa abu mai nauyi dole ya zo da ɗaure fuska. Calder ya yi kayan wasa da gaske, har wani kamfani a Wisconsin ya ƙera wasu daga samfurinsa a shekarun 1920, bai kuma ji kunyar haka ba. Amma a dubi abin da ya canza. Shekaru dubbai sassaƙa tana nufin nauyi da tsayuwa a kan gindi. Shi ya cire gindin, ya rage nauyin, ya shigo da lokaci cikin aikin, tunda dole ka tsaya ka jira ka ga abin da zai yi. Ya kuma yarda ya saki wani ɓangare na ikonsa: shi ke tsara iyakar motsin, amma ba shi ke zaɓar motsin wannan minti ba. Ba wai babu wanda ya gwada sassaƙa mai motsi kafin shi ba, Naum Gabo da Duchamp sun taɓa. Shi ne dai ya mayar da ita harshe cikakke, ya yi shekara 45 yana magana da shi.

Inda za a iya kama shi shi ne shekarunsa na ƙarshe, lokacin da bankuna da kamfanoni da filayen jirgi kowa ke son nasa. Wasu daga manyan ayyukan wannan lokaci suna kama da juna, ba su da numfashin ƙananan da ya lanƙwasa da hannunsa.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

Yana cikin aiki. A Oktoban 1976 gidan adana fasaha na Whitney a New York ya buɗe babban baje kolin rayuwarsa, 'yan makonni bayan haka ciwon zuciya ya ɗauke shi. Bai ga an rataye babban aikinsa na ƙarshe ba, wanda ke sabon ginin National Gallery of Art a Washington. Faɗinsa ya haura mita 23. Da an yi shi da ƙarfe kamar yadda aka fara tsarawa, da nauyi ya hana shi motsi, sai Paul Matisse, jikan mai zane Henri Matisse, ya sake shi da alminiyom irin na jirgin sama, nauyin ya dawo kilo 420 ko kusa da haka. An rataye shi a 1977.

Ina mutum zai ga aikinsa yau?

Cirque Calder yana Whitney, wanda ya saye shi bayan an yi gangamin tara dala miliyan 1.25 a 1982, har yara 'yan makaranta suka ba da nasu. MoMA tana da Lobster Trap and Fish Tail na 1939, Cibiyar Pompidou a Faris tana da tarin ayyukansa, La Spirale na 1958 kuma yana harabar hedikwatar UNESCO. Ɗaya ya salwanta: Bent Propeller, da ke Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York, ya lalace a harin 11 ga Satumba 2001. Gidauniyar Calder, wadda iyalinsa suka kafa a 1987, ta yi rajistar ayyukansa fiye da 22,000. A kasuwa kuwa, an sayar da Poisson volant a gwanjon Christie's a 2014 kan kusan dala miliyan 26.

Wanda ba zai iya tafiya ba ya nemi bidiyo a intanet maimakon hoto, domin hoto yana tsayar da abin da aka yi don ya motsa. Akwai gajeren fim da Carlos Vilardebó ya ɗauka a 1961, inda Calder, da furfurarsa, yake gudanar da wasan tantinsa, Louisa tana sauya faifai a gefe.